Mutanen Bayan Jarumi: Kundin Aikin Zango na Biyu

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

An miƙa mini rubutun zango na biyu na shirinmu na talabijin, kashi takwas. Aikina yana nan yadda yake: duk wanda zai bayyana a gaban kyamara ba tare da ya furta kalma ba, a wuyana yake. Masu zaman kotu, masu jiran likita, fasinjojin tasha, 'yan kallon ƙwallo. Su ake kira 'yan ekstira. Ni zan nemo su, in tabbatar sun zo kan lokaci da suturar da ake so, in ajiye kowa inda ya dace, in kuma tsaya har a sallame su.

Yau muka zauna da mataimakin darakta na ɗaya muka bi rubutun fitowa-fitowa. Marubuci kan ce "zauren kotu ya cika maƙil" ya wuce abinsa. A wajena wannan layi guda mutum tamanin ne, da motar da za ta kwaso su, da wurin zamansu, da banɗaki, da ruwan sha, da takarda tamanin da za a sa wa hannu. A sana'ar nan shafi ɗaya ana ƙiyasta shi minti ɗaya a talabijin, ana kuma tsaga shafin gida takwas don auna tsawon kowace fitowa. Sai dai ma'aunin bai san nauyin aikina ba. Fitowar da ba ta wuce ɗaya bisa takwas na shafi ba tana iya cin mutum ɗari biyu da yini sukutum, alhali mai shafi biyar, jarumai biyu a ɗaki, ba ta neman kowa daga hannuna.

Manyan ranaku huɗu ne: kotu, asibiti, tashar jirgin ƙasa, filin wasa. Furodusa ya ga adadin ya ce a zaftare sulusi. Na ce zan nemi inda za a rage, amma kotu kam a bar mini ita yadda take, domin lauyoyi za su yi ta waiwayen jama'a, kyamara kuwa za ta bi idonsu.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ranar rajista. Kowa ana ɗaukarsa hoto biyu, na fuska da na tsaye, a rubuta tsawonsa, girman riga da takalmi, lambar waya, da ranakun da yake da sarari. Tambayar ƙarshe ita na fi ƙaruwa da ita: me ka iya? Wadda ta taɓa aikin jinya ta san yadda ake tallabar marar lafiya ya miƙe. Tsohon ɗan sanda ya san tsayuwar bakin ƙofa. Wannan ba abu ne da za a koya wa mutum cikin minti biyar kafin ɗauka ba.

Matasa sun yi yawa, kowa ya ci ado. Amma zauren da babu tsoho, babu mai jiki, babu mai sanƙo, babu mai dogara sanda, mai kallo zai ji wani abu bai zauna daidai ba ko da ya kasa faɗin mene ne. Dattawa su ne wuyar samu, saboda sanarwar waya ba ta kai musu. Na roƙi matasan kowa ya isar da saƙo ga iyaye da kakanni.

Ajiye kundin fuskoki irin wannan ya cika shekara ɗari bana. A 1925 kamfanonin fim na Holiwud suka haɗu suka kafa Central Casting, ofishin rajistar 'yan ekstira, domin kafin nan masu neman aikin yini cincirindo suke yi a ƙofofin kamfanoni kowace safiya, a tsinci kaɗan, sauran su koma hannu rabbana, ga dillalai suna tatsar su da sunan sama musu aiki. Cutar dillalan har yau ba ta warke ba. Mata biyu sun tambaye ni ko kuɗin da suka tura wa wani a intanet ya isa ko da ciko. Ba mu san shi ba, ba ma kuma karɓar ko sisi a wajen rajista. Na sa an rubuta haka da manyan baƙaƙe an liƙa a ƙofa.

Kafin su watse na faɗa musu gaskiya: aikin nan jira ne. Mutum na iya zama awa shida a kira shi na minti ashirin, edita kuma ya yanke wurin da ya fito. Takardar amincewa da baki na karanta musu, layi-layi, domin galibi hannu kawai ake sawa ba a karanta ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ni da mai kula da sutura mun fitar da ƙa'idoji. Banda riga mai siraran layuka ko ƙananan gidaje a matse. Idan layukan suka ci karo da jerin ɗigogin da ke cikin kyamara, rigar sai ta riƙa rawa a allo tana fitar da launukan da babu su a zahiri, gyaran wannan kuwa wajen tacewa azaba ne. Banda fari fat da ja mai ƙuna, suna janye ido daga kan jarumi. Banda tambarin kamfani da rubutu a ƙirji. Banda awarwaro masu kacau-kacau. Takalmi mai ƙwas-ƙwas za a manna masa soso a ƙasa. Kowa ya zo da kaya kala uku, mu zaɓa.

Saƙon kira da yamma yake fita: lokaci, wuri, sutura. Wanda bai amsa ba zuwa tara na dare sai in buga masa. Kullum nakan ɗan zarce adadin da aka nema, domin ba a rasa wanda yaronsa ya kwana da zazzaɓi ko mota ta tsaya masa a hanya. Wanda ya amsa kira ya zo aka tarar ba a buƙatarsa, kuɗin yininsa cikakke za a ba shi. Wannan sharaɗi sai da na ga an rubuta shi na tashi daga ofis.

Laraba, 10 ga Satumba

Ranar kotu ta farko. Kira ƙarfe biyar da rabi na asuba, ba a fara ɗauka ba sai wajen tara.

Gwajin farko lami ya fito. Lauya tana jawabi, a bayanta mutum tamanin sun miƙe wuya, hannuwa a cinya, sun zuba mata ido ko ƙiftawa babu. Darakta ya leƙa monita ya ce da ni, "Babu rai a bayan nan." Gaskiyarsa, kuma su ba su yi laifi ba. An ce su zauna su yi shiru, sun zauna sun yi shiru. Na nemi minti goma.

Na bi su layi-layi ina raba wa kowa abin da ya kawo shi kotu. Sahun gaba na hagu dangin wanda ake tuhuma ne, na dama dangin mamaci, kuma ba sa son haɗa ido da juna. Samari biyu ɗaliban shari'a ne, ɗaya na rubutu, ɗaya na leƙen littafin abokinsa. Wata mata tata shari'ar daban ce, tun safe take jiran a kira ta, agogon bango ya fi lauyar damunta. Wani ɗan jarida ne da ya gaji da irin wannan zama. Wani kuma hanya ce ta biyo da shi ya shigo kallo.

A sahu na biyu akwai wani dattijo mai tabarau, zuwansa na farko ke nan. Na rusuna kusa da shi na ce, "Baba, ku ne kawun yaron can da ake tuhuma. A hannunku ya tashi tun rasuwar mahaifinsa. Kun san bai aikata ba, amma ba ku da shaida."

Ya ɗan yi shiru. Ya ce, "To 'yar nan, in lauyar ta ambaci sunansa, in dube shi ko in sunkuyar da kai?"

Na ce, "Yadda zuciyarku ta ba ku, Baba. Sai dai abin da kuka yi a ɗaukar farko, shi za ku yi ta maimaitawa har mu tashi."

Da aka fara, lauya ta ambaci sunan yaron, sai dattijon ya zare tabarau a hankali, ya goge shi da gefen riga, ya riƙe a hannu bai mayar ba. Bai dubi yaron ba, bai sunkuya ba, tabarau ɗin ya tsura wa ido. Mai ɗaukar hoto ya gani, ya nemi a ƙara ɗauka guda a kansa shi kaɗai. Sau goma sha ɗaya aka maimaita fitowar, kowane karo a kan kalma guda yake zare tabarau ɗin.

Abin da na yi imani da shi a aikin nan ke nan. Taro ba ya rayuwa da umarni guda ga mutum tamanin. Sai kowa ya san daga ina ya fito, me yake jira, ina zai nufa in an tashi. Mai kallo ba zai taɓa sanin matar can tata shari'ar take jira ba, amma zai yarda cewa kotu ce.

Ga sababbi, na maimaita musu jerin umarni: sauti ya fara, kyamara ta fara, a buga allon da ke ɗauke da lambar fitowa, sannan a kira 'yan baya, wato 'yan ekstira, su soma motsi, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku darakta ya ce wa jarumai "akshin". Hikimar ita ce jarumi ya shigo ya tarar da duniya tana tafiya. Magana ba murya ita ta fi ba su wuya. Makirufon da ke reto a kan jarumai yana jin raɗa daga ƙarshen zaure, muryar jarumi kuwa dole ta fito ita kaɗai. Sababbi kan motsa baki su biyu lokaci guda, su kuma yi ta kaɗa kai da hannu don rama muryar da aka hana su. Na ce ɗaya ya yi magana, ɗaya ya saurara, kuma jimla ta gaske za a faɗa, ko da labarin yadda aka taho da safe ne.

Alhamis, 11 ga Satumba

An juya kyamara, yau fuskokin jama'a ake ɗauka daga inda alƙali yake. A talabijin fitowar jiya da ta yau minti uku ne a jere, don haka dole kowa ya koma kujerarsa ta jiya da rigarsa ta jiya, jaka a kan gwiwar da take jiya. Ina da taswirar zama mai lambobi da hoton kowane sahu, ni da mai kwantiniti, wato mai lura kada komai ya sauya tsakanin ɗauka da ɗauka, muka bi su ɗaya-ɗaya. Ɗan jaridan nan ya iso fes, ya aske gemu cikin dare saboda ya ji yau za a ga fuska. Muka mayar da shi bayan wani dogo, kafaɗarsa da littafinsa kaɗai ke fitowa. Ransa bai so ba, na kuma yi masa bayanin dalili. Saƙon kira ya samu ƙarin layi: kada a yi aski, kada a canza gyaran gashi, sai an ce an gama da fitowar.

Talata, 16 ga Satumba

Asibiti. An ba mu wani ɓangare da ba a amfani da shi. Mutum arba'in da biyar, da yara shida, da jariri.

Raina ya ɓaci yau. Na iso na tarar an tara mutanena a wani lungu mai kujeru goma sha biyu, babu taga, banɗaki kuma sai an sauka hawa biyu. A cikinsu akwai masu shekara saba'in. Da lokacin abinci ya yi aka ce su dakata ma'aikata su fara. Wannan na fahimta, domin masu fitilu da masu kyamara su ke fara komawa su shirya fitowa ta gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na ƙarshen layi su zo su tarar ba komai.

Na sami manajan shiri na ce, "Yallabai, mutum tara ba su ci ba, akwai masu tsayuwa tun shida na safe."

Ya ce, "Malama, lissafin da aka ba ni na yi."

Na nuna masa takardar kira, adadin yana nan a rubuce tun Juma'a. Ya duba, bai yi musu ba. Cikin awa guda aka kawo kujeru da abin da ya rage, aka buɗe mana wani ɗaki mai iska.

Akwai hujjar da masu riƙe da kuɗi suka fi saurin ji, wato mutumin da ya wuni a tsaye da yunwa, ƙarfe huɗu na yamma fuskarsa ba za ta ba ka abin da ta ba ka da safe ba, gobe kuma ba zai amsa kira ba. Gaskiya ce, na kuma yi amfani da ita. Amma ni ba ita ce hujjata ba. Mutanen nan ma'aikata ne kamar kowa a wurin, su suka riga kowa zuwa, su ne mafi ƙarancin albashi, kuma ana kiransu da "kai mai shuɗiyar riga". Ina ƙoƙarin haddace sunaye tun a mota, na kuma roƙi mataimakana biyu su yi haka.

Yara kowa da mai kula da shi a gefen kyamara, kuma fitowarsu muka fara ɗauka don su tafi da wuri. Ƙasashe da dama sun ƙayyade awoyin da yaro zai yi a wurin ɗauka, shi ya sa masu shirya fim ke son tagwaye, in ɗaya ya gaji a kawo ɗaya. Mu ba mu samu tagwaye ba. Jaririn mintoci kaɗan ya yi, a hannun mahaifiyarsa wadda muka sa a fitowar, a ɗaukar nesa kuma 'yar tsana aka naɗe a zani.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na zauna da edita na kalli abin da aka ɗauka. Kotu ta yi kyau. A asibiti wata baiwar Allah ta saci kallon kyamara sau biyu, ɗauka mafi kyau ta jarumar ta tafi saboda haka. Wani saurayi kuma ya ratsa bayan likita daga hagu, bayan daƙiƙa ashirin ya sake ratsawa daga hagun. Ido na kama irin wannan nan take. Daga yanzu wanda ya ratsa zai tsaya can har a ce "kat", ko ya canza riga ya ɗauki wani abu a hannu kafin ya sake shiga.

Da yamma mai sauti ya ari mutum ashirin ya naɗi hayaniyarsu ita kaɗai: gunagunin kotu, mamakin hukunci, tarin ɗakin jira. Ita za a shimfiɗa ƙarƙashin muryoyin jarumai. Ya ƙara da minti guda na shirun ɗakin, kowa a wurinsa ba motsi, don cike giɓi wajen tacewa.

Laraba, 24 ga Satumba

Tashar jirgin ƙasa, mutum ɗari da ashirin, kuma tashar tana aiki. Fasinjan gaske ba mu da ikon tsayar da shi. An kafa allunan sanarwa cewa ana ɗauka, an ba mu dandamali guda daga goma zuwa uku.

Ɗari da ashirin ba sa cika dandamali, amma mai ɗaukar hoto ya sa dogon gilashi, wanda ke matse nesa da kusa su zama kamar a manne. Na jera mutane cikin zurfi, sahu bayan sahu a kan layin da kyamara ke kallo, gefe da gefe kuwa fayau. A monita sai ka rantse ba wurin sa ƙafa.

Na raba su rukuni shida, kowane da alamar tashinsa. Na ɗaya da kiran farko. Na biyu in jarumi ya ajiye jakarsa. Na uku in jarumar ta ce "ka makara". Haka har na shida. In an tashi gaba ɗaya, daƙiƙa goman farko cunkoso ne, sauran fitowar kuma kufai. Mutum huɗu aikinsu ratsawa dab da kyamara, su rufe ta na ƙiftawar ido. Edita na son wannan, wurin yanka ne da mai kallo ba ya lura da shi.

Akwatunan da masu kayan aiki suka kawo fanko ne. A gwajin farko wata tsohuwa ta ɗaga babban akwati da yatsu biyu tana lilo da shi. Kafaɗar mai ɗauke da kaya tana sauka, ɗayan hannun yana buɗewa, takunsa yana gajarta, kuma jiki ba ya ƙirƙiro wannan in babu nauyi. Muka zuba tsofaffin jaridu da gorunan ruwa, daidai ƙarfin kowa, na dattawa kaɗan.

Ƙarfe ɗaya ruwa ya sauko na rabin awa. Rabin fitowar an ɗauke ta ƙasa a bushe. Darakta ya zaɓi a sake daga farko a jiƙe, ya fi sauƙi a kan jiran ƙasa ta bushe. Muka gama saura minti bakwai lokacinmu ya cika.

Asabar, 27 ga Satumba

A fitowar tagar tikiti darakta ya ga shirun ya yi yawa, ya ce wa saurayin da ke bayan taga, "Ce masa jirgin ya tashi." Ya faɗa, ya kuma faɗa da kyau. Daga wannan jimla ya tashi daga ɗan ekstira ya koma ɗan wasa mai magana: takardarsa daban, sallamarsa daban, sunansa zai fito a jerin ƙarshen shiri. Na tsaya aka sauya takardar kafin ya bar wurin, domin irin wannan in aka ce sai gobe, goben ba ta zuwa.

Labari ya bazu. Kafin yamma mutum uku sun matso kusa da darakta suna gyaran murya. Na tara kowa na ce ba a neman magana, ba a zuwa wurin darakta ko jarumi sai an kira, duk mai buƙata ta hannuna zai bi. Na san burin da yawansu ke nan, ban kuma raina shi ba. Amma wanda aka ba jimlar nan, an ba shi ne saboda tun safe yana ƙirga canji yana buga tambari a tikiti kamar aikinsa ne na kullum, ko sau ɗaya bai ɗago ya nemi kyamara ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Filin wasa. Mutum 220, ana son su zama dubbai.

An kafe kyamara wuri guda, aka kewaye ta da igiya kada wani ya taɓa ƙafarta. Muka cika yanki na farko, aka ɗauki murna, baƙin ciki, zaman jira. Sannan kowa ya tashi ya koma yanki na biyu, a canza riga ta sama, a sauya maƙwabci, na gaba ya koma baya. Haka har yanki goma sha huɗu. Masu kwamfuta za su ɗinke su su zama fili guda. Abokin gabar wannan dabara rana ce: in inuwa ta matsa da yawa tsakanin yankin farko da na ƙarshe, ɗinkin zai nuna. Don haka gudu muka yi ta yi, dattawa kuma na bar su a sahun ƙasa, ba hawa ba sauka.

Babu 'yan wasa a fili. Mataimakina ne ke gudu da tuta a kan doguwar sanda, ita ce ƙwallo, ita kowa ke bi da ido. Murna kuma ba a yin ta iri guda. Na raba su da watan haihuwa: Janairu zuwa Afrilu su miƙe su ɗaga hannu, Mayu zuwa Agusta su rungumi na kusa, Satumba zuwa Nuwamba su tafa a zaune, 'yan Disamba kuwa ƙungiyarsu aka ci. Rabon yana warwatsuwa cikin taro ba tare da na nuna kowa da yatsa ba.

A da mutane ake tarawa da gaske. Fitowar jana'iza a fim ɗin Gandhi na 1982, wadda aka ɗauka a Delhi, kimanin mutum 300,000 aka tara mata. Yau ba mai yin haka, kuma ban ga laifin ɗinki irin namu ba, domin kowace fuska a filin ta mutumin da ya zo ne, aka biya shi yininsa.

Inda na tsaya kai da fata wani wuri ne daban. Da rana kamfanin da ke mana aikin kwamfuta ya nemi mutum talatin su shiga wata rumfa mai kyamarori kewaye, a ɗauki siffarsu ta kowace fuska, a gina mutanen kwamfuta da za a cika saman fili da su. Na tambayi takardar da za su sa wa hannu. Aka ce ai ta ranar rajista ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Waccan ta ce za a nuna hotonka a shirin nan. Ba ta ce za a ajiye siffarka a motsa ta yadda aka ga dama, a wani zango ko wani shiri, kai kana gida ba ka sani ba. Wannan na cikin abubuwan da ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta yi yajin aiki a kansu daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba, 2023, kuma yarjejeniyar da aka cimma ta wajabta neman yardar mutum kafin a yi masa irin wannan kwafi. Mutanena ba 'yan wannan ƙungiya ba ne, ba mai tsaya musu sai wanda ya kira su.

Furodusa ya saurare ni. Aka rubuta sabuwar takarda: wannan fitowa kaɗai, ƙarin kuɗi, a goge bayan an gama tacewa. Na karanta musu da baki. Ashirin da uku suka yarda, bakwai suka ce a'a, kuma na tabbatar wa bakwai ɗin cewa sunansu na nan a kiran mako mai zuwa.

Talata, 7 ga Oktoba

Kuɗin ranar tasha bai shiga ba, kwana goma sha uku ke nan, alkawari kuwa mako guda ne. Wayata ba ta huta ba. Wata dattijuwa ta kira, ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida, sannan ta ce, "'Yar nan, ba matsa miki nake ba, kuɗin motar ranar ma aro na yi." Ofishin kuɗi ya ce takardu goma sha ɗaya babu lokacin tashi a kansu, saboda haka aka riƙe na kowa. Na ɗauki littafina na je, lokacin kowa yana ciki, muka cike a gabansu. Sun ce Alhamis. Na nemi daga yanzu takarda mai gyara ita kaɗai za a riƙe, sauran su wuce.

Wata matsalar kuma: hoton jarumin da ake tuhuma cikin kayan fursuna ya fita a Facebook, wanda ya tona hukuncin da ba za a nuna ba sai kashi na bakwai. Nan da nan aka ce 'yan ekstira ne. Na duba hoton da kyau. Daga bayan fitilu aka ɗauke shi, inda mutanena ba sa taka ƙafa, wayoyinsu kuma a ranar suna cikin ambulan masu lamba a hannun mataimakiyata. Na kai wa manaja hoton da taswirar wurin. Yanzu dokar ajiye waya ta hau kan kowa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kuɗi ya shiga da hantsi. Na bi jerin na kira waɗanda ba su amsa saƙo ba, saura mutum biyu da lambar asusunsu ke da kuskure, an gyara.

Edita ya aiko cewa yana buƙatar ƙarin ɗauka a kotu, daƙiƙa kaɗan na sahu biyu na gaba lokacin da ake karanta hukunci. Mutum goma sha huɗu nake nema, su ɗin dai, da kayan 10 ga Satumba. Goma sha ɗaya sun amsa. Ɗaya ta yi tafiya, ɗaya ya samu aikin yau da kullum ba zai samu fita ba, dattijo mai tabarau kuma wayarsa a kashe take tun jiya, jikarsa da ta kawo shi rajista ta ce za ta je ta duba shi da yamma. Wadda ta yi tafiya a ƙarshen sahu take, in aka ɗan matse hoton za ta fita. Na biyun kuwa a tsakiya yake, na tura wa mai sutura hotonsa ta nemo riga irin tasa, ni kuma ina bin kundi ina neman mai tsawonsa da faɗin kafaɗarsa.

Litinin za mu shiga ɗaukar dare, kwana uku, harabar asibiti, mutum sittin, daga shida na yamma zuwa huɗu na asuba. Ban fitar da saƙon kira ba tukuna. Ina jiran manaja ya tabbatar mini a rubuce cewa akwai motar da za ta sauke kowa a ƙofar gidansa, domin ƙarfe huɗu na asuba ba a barin mutum a bakin titi. Ya ce zuwa gobe da rana.